Attaher da Masu Dubiya

Shekara talatin da takwas Attaher yana ɗora wa raƙuma kaya, yana karɓar wasaki cike da ruwa a bakin rijiyoyin da in ka jefa dutse sai ka gama salati kafin ka ji faɗuwarsa, bayansa bai taɓa cewa uffan ba. Ranar da ya tashi magana kuwa, murfin butar shayi ne ya faɗi ƙasa. Attaher ya sunkuya zai ɗauka, wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa, ya tsaya nan a lanƙwashe kamar lauje, hannu ɗaya a miƙe, murfin yana kallonsa. Maza biyu suka ɗauke shi a haka suka kai ɗaki. Aka ce wa mutane buhun gishiri ya ɗaga, don ba a kayar da namiji da murfin buta.

Wannan a bazara ne, a gidansa na Dakoro inda matarsa Suwaiba take zama da rani. Garken raƙuman danginsu yana daji kusa da gari, a hannun ƙanensa Alhusaini. Da zarar ruwan fari ya sauka manoma suka yi shuka, dole garke ya bar ƙasar gonaki ya yi arewa, kuma Attaher ne ja-gaba. Shi ke cewa a kwana nan, a tashi gobe, rijiya kaza tana da ruwa, tafki kaza ya ƙafe. Gida goma sha ɗaya ke bin bakinsa da dabbobinsu da ƴaƴansu. Ya kuma san abin da ke samun ja-gaban da aka bari a gari damina ɗaya: ba a dawowa a ɗauke shi. Ana dai kawo masa cuku da labari, ya zauna a ƙofar gida yana gaya wa kaji hanyoyin arewa.

Kwana goma sha biyu ya yi a miƙe bisa gado, don kowa ya san mai ciwon baya kwanciya ce tasa. Baya kuwa sai ya ƙara sandarewa, har juyi ya zama aikin mutum biyu. Ran sha uku Alhusaini ya shimfiɗa shi a amalanken jaki ya kai shi gidan likita. Aka tura su wani ɗaki a can ƙarshen baranda, wurin wata siririyar mace mai farar riga, Shafa'atu, wadda ake kira kine, wato mai gyaran gaɓoɓi. Ta buga masa gwiwa da ƴar guduma, ta ɗaga ƙafarsa, ta ja masa babban yatsa.

"Baba, ƙafafun suna mutuwa? Fitsari yana kufce maka?"

Attaher ya ja amawalin rawaninsa har ƙarƙashin ido. Daga can ciki aka ce, "A'a."

"To alhamdu lillahi, babu abin da ya karye."

"A yi mini radiyo, ɗiyata, a ɗau hoton ƙashin a gani. Ko a ba ni piƙir, allura mai ƙarfi irin ta raƙumi."

"Duk dattijon da aka kamo a kasuwa aka yi masa radiyo sai an ga wani abu, har wanda bai san ciwo ba. Ga ƙwayoyi na kwana biyar. Sauran maganin a lakol yake. Ran Laraba da hantsi."

Haka Attaher, wanda ubansa ya ɓoye shi a tsakiyar garke shekarar da aka zo rubuta yara lakol, makarantar boko, ya shiga aji da furfura. Ajin rumfa ce a bayan ɗakin, ɗalibai kuwa mata uku masu sayar da ruwa, da tela ɗaya, sai shi. A jikin ginshiƙi an rataye ƙashin bayan mutum, fari tas, yana lilo in iska ta kaɗa. Rabin darasin farko ya wuce Attaher, don hankalinsa yana kan mai ƙashin. Ya auna shi da ido ya ga gajere ne, kuma ga dukkan alamu mai haƙuri. Sai da tela ya rantse masa roba ce sannan ya daina yi masa addu'a.

Shafa'atu ta ce baya ba tulu ba ne da za a jingine kada ya fashe; nama ne da jijiya, abincinsa motsi, kuma ba kowane zafi ke nufin ɓarna ba. Ta nuna yadda ake tashi daga kwance ta gefe, da yadda ake ɗaga bokiti, gwiwa a lanƙwashe, kaya a jikin ciki. Sannan ta juyo.

"Baba, an ce kai ka san raƙumi. In ya daɗe a durƙushe ƙafafunsa suka sage, me kake yi masa?"

"A tashe shi mana, ko shina kuka. A ja shi kaɗan yau, gobe a ƙara. Raƙumin da anka bari durƙushe sati guda don tausayi, wuƙa ce ƙarshenshi."

"Kai kwana nawa ka yi?"

Matan suka kwashe da dariya. Tun yana saurayi maganin nan yake cikin kansa, bai taɓa zaton yana yi wa mutum ba.

A ranar ya fara. Taku goma daga gado zuwa ƙofa, yana dafa bango, gumi yana zuba. Kashegari ya kai randa. Ran na huɗu ya zagaya rumbun da ke bayan gida, ya dawo yana murmushi, ya iske Suwaiba tsaye da hannu a ƙugu.

"Maigida, mi kake yi haka?"

"Magani."

"Mutanen Korahane sun yi waya, suna bisa hanya. Su bar sharar gona, su taso cikin ranar ga, su iske ka kana zagayen rumbu? Mi za su gaida, rumbun? Koma ka kwanta."

Gaskiyarta. Dubiya a wurinsu ba leƙe ba ce. Mutum yakan taso daga nesa da kan sukari da ganyen shayi, ya zauna a ƙasa kusa da gado, ya girgiza kai, ya lissafa waɗanda ya sani irin ciwon ya kwantar har abada, ya ba da maganinsa, ya tafi da nauyin zumunci a sauke. In ya iske mara lafiya a tsaye, to ko an yi masa ƙarya ko an raina tafiyarsa. Labari kuma a daji tafiyar hawainiya yake yi. Na Ɗan Gulbi sun ji a satin farko, na Azagor a na uku, na gaba da Azagor sai da Attaher ya fara ɗaga bokiti. Duk ranar da ya ce gobe zai fita masallaci a gan shi, sai waya ta yi ƙara, wani ya taso.

Suka yi shiri shi da Suwaiba. Da hantsi da bayan la'asar, lokacin baƙi, yana kwance. Tsakar rana, sa'ad da ko ƙadangare inuwa yake nema, yana zagayen rumbu, har ƙafarsa ta fitar da ƴar hanya zagayayyiya, awaki biyu suna binsa don sun ɗauka buɗewa zai yi. In baƙo ya saɓa lokaci, Suwaiba takan tsare shi a zaure da "Maraba lale!" har sau uku da ƙarfi, Attaher ya tsallaka tsakar gida ya faɗa gado ya ja mayafi. Baƙo ya shigo ya ga haki da gumi ya ce, "Subhanallahi, jikin ya yi tsanani." Ran Laraba Alhusaini yakan kai shi a kwance, ya jira a bakin ƙofar likita wurin mai shayi, ya maido shi a kwance. Da Attaher ya gaya wa Shafa'atu yana kwanta-tashi sau goma a wuni saboda baƙi, ta yi dariya har ta riƙe ginshiƙi, ta ce ko ita ba ta isa ta tsara masa motsin da ya fi wannan ba.

An kawo masa man jimina, da kitsen damo, da wani tushe mai warin tsohon takalmi. Kowa ya koma gida ya shaida abin da idonsa ya gani, cewa Attaher ya ƙare.

Saura mutum ɗaya. Intalla, yayan Suwaiba, shi ya riƙe ta bayan rasuwar ubansu, shi ya ba Attaher aurenta. Ya haura tamanin, kuma duk arewacin Azagor babu wanda ya kai shi iya lalas, wato ɗora wa dabba ko mutum jan ƙarfe a inda ke ciwo. Ya aiko saƙo a wayar wani: kada shi motsa sai na zo. Ba ya shiga mota. Tun ranar da ya ga wata tana tafiya da baya ya ce abin da bai tsai da gabansa wuri ɗaya ba ba ya ɗaukarsa. Kwana huɗu ya yi bisa raƙumi. Ya sauka Dakoro da la'asar, ruwan fari ya sauka a bayansa.

Kashegari da hantsi, ƙasa tana ƙamshi, manoma sun fita da sungumi, masu gida goma sha ɗaya suka cika ɗakin Attaher har bakin ƙofa. Alhusaini ya yi magana idonsa a ƙasa, don yana son wansa.

"Yaya, jibi za mu ɗaga. Mun yi shawara, bana ka huta. Duk wanda ke nan ya gan ka da idonshi, kwana arba'in ba ka taka ƙasa ba. In munka ɗora ka bisa raƙumi, alhakinka na wuyanmu."

"Ni na iske shi shina haki kamar wanda ya yi gudu," in ji mutumin Korahane, "alhali ko motsi bai yi ba."

Ɗaki ya ɗauki "Allah sarki."

Ƙafafun Attaher suna ƙaiƙayi a ƙarƙashin mayafi. Jiya-jiya ya zagaya rumbu sau ɗari da bokiti a hannu. Abin da ya rage masa kawai ya yaye mayafin ya miƙe. Ya dubi Intalla zaune a bakin gado, ƙurar kwana huɗu ba ta gama fita daga gemunsa ba. Ya dubi mutanen da ya sha shayinsu ya ci cukunsu yana nishi. In ya miƙe yanzu, tsohon ya zama abin dariya a gidan ƙanwarsa. Gobe kuma in ya ce rijiya kaza tana da ruwa, wani zai tuna bakin nan ne ya yi wata guda yana nishin ƙarya, ba a kuwa bin irin wannan da mata da yara cikin daji. Shaidun tafiyarsa a gidan su uku ne: mace da ba ta ɗaga murya a gaban yayanta, da awaki biyu.

Intalla ya kwance wata doguwar jakar fata, ya zaro ƙarfe mai lanƙwasasshen baki, ya ajiye bisa tabarma. A Laraba ta biyu Shafa'atu ta yi dogon bayani a kan irin ƙarfen nan. Ta ce ba ya kai wa ciwo, sabo yake yi don a manta da tsoho. Attaher ya haddace bayanin sarai. Ya daɗe yana kallon ƙarfen.

"Yaya," ya ce, "wuta nawa bayan ga ke so?"

"Bakwai."

"Bakwai ai na amalen raƙumi ne."

"Kai ma ba ɗan taguwa ba ne."

"Biyu dai, Yaya. Ɗaya dama, ɗaya hagu."

"Biyu ko akuya ba ta jin su. Shida."

"Jikin ya yi rauni, kwana arba'in a kwance."

Suka yi ta ja kamar masu cinikin dabba a kara ran kasuwa, har suka tsaya a huɗu. Alhusaini, wanda ya saba shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa, ya manta inda yake ya ce, "Allah shi sa albarka."

Aka hura gawayi a tsakar gida. Suwaiba ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, don ita kaɗai ta san abin da ake shirin ƙonawa. Maza huɗu suka fito da Attaher a kan tabarma, suka kifa shi, suka danne hannuwa da ƙafafu. Intalla ya bi ƙashin bayan da babban yatsa, gaɓa-gaɓa, yana gyaɗa kai kamar mai karatu, ya sa alama da toka. Wuta ta farko Attaher ya ciji amawalinsa. A ta biyu ya ji ƙaurin, ƙaurin da ya sha ji a jikin raƙuma shi yana riƙe da akala, ya shiga neman gafararsu a zuci ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ta uku da ta huɗu suka same shi bai kai rabin garke ba.

Intalla ya tsoma ƙarfen a ruwa, ya yi cuu. "Ku sake shi. Tashi, Attaher."

Attaher ya juya ta gefe, ya tattaro gwiwoyi, ya dafa ƙasa da hannu, ya miƙe a kan ƙafafunsa yadda aka koya masa a rumfa. Ya yi taku goma zuwa randa ya dawo. Nishin da ya yi a wannan karon na gaskiya ne. Tsakar gida ta ɗauki kabbara, Alhusaini ya rufe fuska da rawani yana kuka, mutumin Korahane ya ce da bai gani da idonsa ba da ko an rantse masa ba zai yarda ba.

Da yamma Attaher ya taka da ƙafarsa har gidan likita, karo na farko, rigarsa a ɗage daga baya da ɗan kara. Shafa'atu ta ɗaga rigar, ta ga ƙuna huɗu.

"Wa ya yi maka wannan, Baba?"

"Surukina."

"Ba ka warke ba ne?"

"Na warke tun sati uku."

"To?"

"Warkewar ce ba ta da uba, ɗiyata. Na nemo mata."

"Ni fa, da na yi ta bayani har muryata ta dushe?"

"Ke kin yi aikin. Amma ba ki hau raƙumi kwana huɗu ba."

Ta wanke ƙunar ba da tausayi sosai ba, ta yi masa pansama ta naɗe wurin, ta ba shi bandeji da man shafawa na sati biyu. Ta ce kada a sa toka, kada a sa kashin raƙumi, kada a sa komai da wani ya rantse a kansa. Ta ce kuma ta san abin da zai biyo baya: duk mai ciwon baya daga nan har Korahane zai nemi ƙarfen nan, ita za ta wuni tana wankin ƙuna. Attaher ya tafi da maganar a ransa.

Ba ta yi ƙarya ba. Ran tafiya da safe, raƙuma sun durƙusa a bayan gari ana ɗaure kaya, maza biyar suka yi layi a zauren Attaher inda Intalla ya sauka, kowa da hannu a ƙugu, har da telan da suka yi aji tare. Tsohon ya ce zai zauna sati guda ya huta. Attaher ya tsaya a gabansu, riƙe da akala.

"Yaya, ka gaya musu sharuɗɗan ko in gaya musu?"

Intalla bai san da wasu sharuɗɗa ba, amma mutumin da ya haura tamanin ba ya tambaya a gaban jama'a. Ya ɗaga hannu ya ce, "Gaya musu."

"Wutar ga ba ta kama jikin da ya kwanta. Kwana bakwai kafin a sa ta, mutum shi yi tafiya safe da marece, kaɗan yau, gobe a ƙara. In zai tashi, shi tashi ta gefe. In zai ɗauki kaya, shi lanƙwasa gwiwa, kayan a jikin ciki. Wanda ƙafa ke mutuwa ko fitsari ke kufce mai, wannan ba na wuta ba ne, shi tafi likita yau. Ran Laraba kuma akwai wata rumfa a can baya, a je a zauna, nan ake shirya fata."

Tela ya dube shi, ya buɗe baki. Attaher ya dube shi ta saman amawali, tela ya rufe.

"Haka kakanninmu ke yi," in ji Intalla.

Attaher ya hau ya zauna a miƙe kamar an dasa shi, don ƙuna huɗu ba sa barin mutum ya jingina. Ya ɗaga sanda ya nuna arewa, gida goma sha ɗaya suka bi bayansa.

Kwana takwas da tashi, a kan wani tudu inda waya ke kamawa in an ɗaga ta sama, ya samu Suwaiba. Ta ce gida lafiya, gero ya tsiro, Yaya ya koma jiya.

"Mutanen nan biyar fa?"

"Ɗaya likita ta riƙe shi. Huɗu sun warke tun kafin satin shi cika. Tela har buhu ya ɗaga."

"Alhamdu lillahi. Ke nan ba a sa musu wutar ba."

"An sa musu mana. Tsoho ya zauna sati guda domin su, ya sai gawayi, su ce mai sun warke? Uku-uku sunka sha. Tela ne ma ya iya ciniki, biyu."

Attaher ya sauke wayar ya tsaya yana kallon raƙuman da suka bazu cikin sabuwar ciyawa. Alhusaini ya ƙwala masa kira daga ƙasan tudu, yana tambaya ko a kwana nan ko a ƙara gaba.

"A ƙara gaba," ya ce. "Akwai ruwa a tafkin farin dutse."

Babu wanda ya ce ina ka sani. Aka shiga kwance dabaibayi.